Wane daraktan Indiya ne ya cancanci kuɗinka da memorinka?

A ƙasar Hausa da fuskar jarumi muke sayen fim. Tsaya minti goma a shagon masu tura fina-finai ka saurara: "Sa min na Sharukan." "Akwai sabon Salman?" "Ba ni na ɗan daba mai lasin." Har yau ban ji wanda ya shigo ya ce a ba shi aikin darakta wane ba. Ni ma a kan haka na tashi, tun zamanin da ake layin tikiti a silimar Plaza da ta Orion, aka dawo kaset, aka koma faifai, zuwa yanzu da komai ya tattare a cikin memori ɗan mitsitsi kamar farce. Sai da na zubar da kuɗi, na kashe darare masu yawa a banza, sannan na gane cewa jarumi shadda ne kawai. Shadda ɗaya za ka raba biyu ka kai wa teloli biyu, wannan ya ɗinko maka rigar zuwa ɗaurin aure, wancan ya kawo abin da ko kwana ba za ka yi da shi ba. Darakta shi ne telan. Idan memorinka ɗaya ne, kuɗin naka kuma ba su taka kara sun karya ba, sunan telan za ka fara tambaya.

A kan daraktocin Indiya zan tsaya, don aikinsu muka sha tun muna yara, kuma a nan aka fi cutar mai saye. Abin da nake dubawa ba shi da yawa. Idan aka zare waƙoƙin, labarin zai iya tsayawa da ƙafarsa? Za ka iya kunna shi a tsakar gida ba tare da hannunka na kan rimot ba? Sai na uku, wanda a da ban ɗauke shi komai ba, yanzu kuwa ya danne sauran: za ka same shi cikakke kuwa, kuma shi ɗin ne da ka tambaya?

Ba zan ɓoye ba, gwanina Yash Chopra ne. An haife shi a Lahore a 1932, kafin a raba Indiya da Pakistan. Ya koyi aiki a hannun yayansa B.R. Chopra, ya fitar da fim ɗinsa na farko, Dhool Ka Phool, a 1959. Na ƙarshe, Jab Tak Hai Jaan, ya fito a Nuwamban 2012, makonni kaɗan bayan mutuwarsa. Shekara 53 ke nan mutum yana bayan kyamara. Yaran yanzu da soyayya suka san shi, wato mata cikin sari a kan ƙanƙarar Suwizalan da rawa a gonakin furanni. Wannan rabin mutumin ne, kuma ba shi ne rabin da nake so ka fara kashe wa kuɗi ba.

Fara da Deewaar na 1975. Labarin uwa ce da 'ya'yanta maza biyu. Uban shugaban ma'aikata ne da aka ritsa da iyalinsa, ya sa hannu a takardar da ta sayar da 'yan uwansa, kunya ta kore shi daga gari. Ma'aikatan suka huce a kan babban ɗansa, suka kama shi suka zana masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne, zanen da ba ya gogewa. Uwar, wadda Nirupa Roy ta fito a matsayinta, ta kwashi yaran zuwa Bombay, tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana a ƙarƙashin gada. Babban, Amitabh Bachchan, ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Ƙaramin, Shashi Kapoor, ya zama ɗan sanda. Duk wanda ya ji wannan zai ce ai ya san inda za a ƙare. Haka ne, amma ba a nan gwanintar take ba.

Dubi wurin da yaron yake goge takalma. Wani mai kuɗi ya gama, ya jefo masa kwabo a ƙasa. Yaron bai yi kuka ba, bai yi zagi ba, ya ce shi aiki yake yi ba bara ba, a ɗauka a miƙa masa a hannu. Kyamarar ba ta yi tsalle ba, ba a buga ganga ba, an bar ka da fuskar yaron kawai. Bayan shekaru, ya girma, uban gidansa ya wurgo masa damin kuɗi a kan tebur, sai ya tuna masa cewa har yau ba ya ɗaukar kuɗin da aka jefar. Darakta mara haƙuri da ya maimaita maka wancan hoton na baya sau uku da kiɗa mai tsuma zuciya. Chopra ya yarda da mai kallo, ya san ba ka manta ba. Haka wurin da ɗan sandan ya harbi wani yaro da ya gudu da kayan sata, ya duba ya ga burodi ne, ya bi sawu har gidansu ya tarar da uban tsohon malamin makaranta ne da yunwa ta ci gidansa. Minti kaɗan ne, amma da shi aka gina duk abin da ɗan sandan zai yi wa ɗan uwansa daga baya. Ga kuma lambar tagulla ta dako mai 786, adadin da Musulmin Indiya da Pakistan suke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Bisimilla. Wani dattijo Musulmi abokin aikin babban ɗan ne ya ce masa ya riƙe ta da kyau, kuma fim ɗin bai saki wannan lamba ba har ranar da ta suɓuce daga hannunsa.

Akwai masu cewa yabon na marubuta ne, Salim Khan, mahaifin Salman, da Javed Akhtar, tunda su suka rubuta shi. Ban raina alƙalaminsu ba. Amma su ɗin ne dai suka rubuta Shaan na 1980, aka ba wani darakta, aka samu ƙyalƙyali da bos mai sanƙo a tsibiri, ba a samu abin da ke kwana a zuciya ba. A hannun Chopra kuwa sun sake haɗuwa a Trishul na 1978, labarin ɗan da uba ya yasar da uwarsa ya auri dukiya, ya dawo Delhi yana karya kasuwancin uban kwangila bayan kwangila. Suka kuma haɗuwa a Kaala Patthar na 1979, wanda aka ɗora a kan ambaliyar da ta ci mahaƙar kwal ta Chasnala a ƙarshen 1975, inda fiye da mutum 370 suka halaka. Wannan na ukun shi ne aka fi mantawa da shi a wurinmu, kuma ni a ganina zaluntarsa aka yi. Babu furanni a ciki, sai baƙin ƙura da gumi da mutumin da ke gudun abin kunyar da ya aikata a teku.

Idan akwai sauran wuri, sa Waqt na 1965, inda girgizar ƙasa ta tarwatsa gidan wani attajiri, 'ya'ya uku suka tashi ba su san juna ba. Duk fina-finan ɓata da haɗuwa da suka cika silima bayan haka sun ɗebi wuta a murhunsa. Sai Veer-Zaara na 2004, idan soyayyar kake so. Mutum ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan bai buɗe baki ba don kare mutuncin mace, kuma lambarsa ta fursuna 786 ce, kamar Chopra yana waiwayen abin da ya yi a Deewaar shekaru 29 baya. Waƙoƙinsa ma daga tsofaffin karin da Madan Mohan ya bari ne, wanda ya mutu tun 1975.

Gwani ma yana da inda za a yi hattara da shi, kuma amana ce in faɗa. Silsila na 1981 labarin mai aure ne da ya koma wa tsohuwar masoyiyarsa. Lamhe na 1991 yarinya ce ta kamu da son mutumin da ya so mahaifiyarta. Aiki ne mai kyau, amma ba na tsakar gida ba ne, haka ma Jab Tak Hai Jaan. Shi kansa Deewaar akwai wuri ɗaya ko biyu na ɗaki tsakanin jarumin da Parveen Babi da za ka tura gaba idan yara na zaune.

Sauran fa? Mehboob Khan na cire wa hula. Mother India na 1957 iyayenmu sun kalla, mun kalla, kuma wanda ya san bashin ɗan ba-da-rance a ƙauye ba ya buƙatar fassara. Saye shi, ka ƙara da Aan na 1952. Ramesh Sippy yana da Sholay na 1975, wanda babu gardama a kansa, da Shakti na 1982 inda Dilip Kumar da Amitabh suka fito uba da ɗa, daga nan ka rufe jaka. Manmohan Desai ya fitar da fim 4 a 1977 kaɗai, kuma a Amar Akbar Anthony 'ya'ya uku ne ke kwance jere jininsu na tafiya kai tsaye zuwa jikin uwar da ba su san tasu ba ce. Na ranar Sallah ne, lokacin da gida ya cika da yara ba mai neman hujja. Sooraj Barjatya shi ne mafi aminci ga mai iyali, sai dai Hum Aapke Hain Koun na 1994 waƙa 14 ne a ciki, kusan biki ne aka ɗauka a kyamara. Rajkumar Hirani ba ya cin kuɗinka a banza, 3 Idiots ya isa shaida. Rajamouli na Baahubali da RRR sai da babban allo, a waya asarar data ne.

Karan Johar masu kuɗi ne ke kuka a gidajen da falonsu ya fi filin Idi. Rohit Shetty motoci yake jefawa sama. Bhansali labule da fitilu sun fi mutanensa rai. Raj Kapoor na farko, mai Awaara na 1951, babban darakta ne, amma Satyam Shivam Sundaram na 1978 da Ram Teri Ganga Maili na 1985 kada ka kuskura ka kunna su gaban surukai. Wanda ba na so ko kaɗan Sajid Khan ne, mai Humshakals na 2014, don ba'arsa ta raina mai kallo ce. Ram Gopal Varma kuma, duk da Satya na 1998 aiki ne na gaske, shi ne ya ɗauko Sholay a 2007 ya sake shi da sunan Aag, abin da bai kamata a taɓa ba.

To amma duk wannan zaɓe ba shi da amfani idan abin da ka zaɓa ba shi aka ba ka ba, kuma a nan ne ni aka ƙona ni.

Yayana, wanda shi ya fara riƙe hannuna ya shigar da ni silima, ya kwanta da ciwon ƙafa wata da watanni. Wata rana da yamma na je duba shi, ya ce, "Ka nemo min fim ɗin nan na yaron da aka yi wa rubutu a hannu." Bai riƙe sunan ba, ni na riƙe. Na biya wani shago a hanya, na ce wa yaron Deewaar nake so. Ya ce, "Na Amita, Baba? Akwai shi tas." Ya tura, na biya, na kai wa Yaya da murnata. Muka kunna, sai ga Amitabh da furfura, sojan Indiya a tsare a Pakistan, ga Sanjay Dutt. Ashe akwai wani Deewaar ɗin na 2004, na darakta Milan Luthria, suna ɗaya, jarumi ɗaya, labari daban. Mai fim ɗin ba shi da laifi, aikinsa ya yi. Yaya ya kalli minti biyar ya miƙo min wayar, ya ce, "Ba shi ba ne," ya juya fuskarsa bango.

Na koma, aka ba ni na 1975 ɗin. Wannan karon shi ne, amma an yi masa aski. Fim ɗin da ya kusa awa 3 ya dawo awa 2 da 'yan mintuna. Wurin goge takalma babu, malamin makaranta babu. Ana harbin jarumin yana gudu sai allo ya yi baƙi. Yaya ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To ina uwar tasa?" Wanda ya yanke fim ɗin faɗa kawai ya bari, ya zubar da abin da ya sa dattijo mara lafiya ya tuna da shi bayan shekara arba'in.

Tun daga ranar na daina yarda da suna shi kaɗai. Tarkon suna ɗaya ya fi yadda kake zato yawa. Akwai Waqt na 2005 da Amitabh da Akshay Kumar, ba ruwansa da na 1965. Akwai Don na 1978 da na 2006, Agneepath na 1990 da na 2012, Zanjeer na 1973 da na 2013, Ittefaq na Chopra na 1969 da wani na 2017. Ka ce Kabhi Kabhie na 1976, yaro ya tura maka Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, don shi ya sani. Mafi yawansu ba mugunta ba ce, ba a haife su ba lokacin da aka yi na farkon. Amma kuɗinka ne ke tafiya, don haka faɗi suna, faɗi shekara, faɗi jarumi na biyu.

Tarko na gaba tambarin kamfani ne. Za a nuna maka jaka a kwamfuta an rubuta Yash Chopra, ka buɗe ka ga Dilwale Dulhania Le Jayenge da Mohabbatein da Dhoom. Ko ɗaya ba shi ya ba da umarni ba. Biyun farko na ɗansa Aditya ne, Dhoom na Sanjay Gadhvi ne, kamfanin Yash Raj Films ne kawai ya fitar da su. Abin ya ma juya ta ɗaya gefen: Deewaar da Trishul, da shi ya yi da hannunsa, ba kamfaninsa ya ɗauki nauyinsu ba, Gulshan Rai ne na Trimurti Films. Haka Kal Ho Naa Ho, kowa na cewa na Karan Johar ne, alhali Nikkhil Advani ne daraktan. Furodusa daban, darakta daban. Sunan da ka gani a ƙarƙashin "Directed by" shi ne telan, kuma yawanci shi ke zuwa ƙarshe a jerin sunaye.

Sai faifan nan na goma a ɗaya, da har yanzu ake samu a kan tebura. Ba yadda za a yi fim goma masu awa uku-uku su shiga faifai guda sai an matse hoton ya zama hazo, an kuma datse waƙa da ƙarshe. A memori ma haka ne. Ni dai idan na ga fim mai tsawo bai kai megabait 400 ba, ba na karɓa. Sababbin fina-finai kuwa akwai wanda da waya aka ɗauko shi daga allon silima, kana jin tarin mutane, kai yana giftawa, ga tallan caca na yawo a kan fuskar jarumi. Akwai finafinan kudancin Indiya da ake juya su zuwa Hindi a sauya musu suna, su iso nan a sake raɗa musu wani, a manna hoton jarumin da ko leƙowa bai yi a ciki ba. A intanet kuma za ka ga an rubuta cikakken fim, ka ƙona datarka, ka tarar guntaye ne aka jera ana maimaitawa don tsawon ya cika.

Fassarar Hausa ba na ƙin ta, ta shigar da iyayenmu mata cikin labarin da a da hoto kawai suke bi, kuma akwai masu yin ta da gaskiya. Amma akwai masu cusa barkwancin da babu shi a asali, su danne kiɗan da muryarsu. Fim irin na Chopra da shiru yake magana. Idan mai fassara ya cika wurin shirun da surutu, an kashe shi. Saurari minti biyu a wurin da ba faɗa kafin ka biya.

Shi kansa memorin a kula. Akwai na jabu da ke nuna girman da ba shi da shi, ka tura fim ashirin, ka je gida biyar ne ke buɗewa, sauran sun lalace. Saye a wurin da za ka iya mayarwa, kuma a cika shi a gwada a gabanka. Kada kuma ka miƙa wayarka a buɗe ka tafi sallah ka dawo, da hotunan iyalinka a ciki. Cire memorin ka bayar, ko ka tsaya a kai.

Akwai abu ɗaya da ke taimako sosai. Fim ɗin Indiya da ba a taɓa shi ba yana farawa da takardar hukumar tace fina-finai ta ƙasarsu, mai ɗauke da suna da kwanan wata. Idan ka ga ta, tsayar da hoton ka karanta shekarar. Idan babu ita, aka faɗo kai tsaye cikin labari, to almakashi ya riga ya bi ta kai, sai ka binciki sauran.

Zuwa na uku wani shagon na canza. Na zauna a benci na ce wa mai shagon, "Ɗan samari, yi haƙuri, sai na gani da idona." Ya buɗe, na ga takardar, na ga 1975. Na duba tsawon, ya kusa awa 3. Na ce ya ja zuwa wurin goge takalma, yana nan. Ya ja zuwa ƙarshe, ga jarumin ya iso matakalar ɗakin bauta jina-jina, ga uwar ta rungume kansa a cinyarta. Mutane biyu na jira a bayana, ɗaya har ya fara tsaki, ban tashi ba sai da na ga sunaye sun fito. Na ce ya ƙara min Trishul da Kaala Patthar, su ma muka bi su haka.

Da dare muka kalla da Yaya, wayar a jingine da kofin shayi. Da aka zo ƙarƙashin gada, babban yana lissafa wa ƙaninsa gidaje da mota da kuɗin banki, yana tambayarsa shi me yake da shi, Yaya bai jira Shashi Kapoor ba. Daga kan gadon ya riga shi, da Hausa, a hankali: "Ni ina da uwa."